Sabunta Manhajar Zanen Gine-gine: Lissafin da Ƙaramin Ofishi Zai Yi Kafin Ya Biya

A wajen watan Maris na kowace shekara, kamfanin Autodesk na ƙasar Amurka yakan fito da sabon samfurin AutoCAD, watau manhajar da masu zanen gine-gine da injiniyoyi da yawa ke amfani da ita wajen zana taswirar gini a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Samfurin yakan ɗauki lambar shekarar da ke tafe. Wanda aka fitar a 2024, alal misali, sunansa AutoCAD 2025. Sauran kamfanonin da ke wannan sana'a su ma kusan haka suke yi, kowace shekara da sabon abu. Ga babban kamfani mai ma'aikata ɗari ko fiye, wannan ba abin tashin hankali ba ne, tun da yana da sashe na musamman da kasafin kuɗi domin haka. Amma ga ƙaramin ofishi mai mutum uku ko biyar, irin waɗanda ke ko'ina a Abuja da Legas da Fatakwal da sauran biranen ƙasar nan, tambayar ko a sabunta ko a bari takan faɗo ne a kan mai ofishin shi kaɗai, kuma kuskure a wajen amsa ta yana iya cinye ribar shekara guda.

Maganar ba ta tsaya ga masu zane kaɗai ba. Ɗan kasuwar da zai gina shaguna ko masauƙin baƙi ko ma'ajiyar kaya, shi ne wanda a ƙarshe zai biya kuɗin wannan manhaja a cikin ladan zane, ko ya sani ko bai sani ba. Har ila yau, lissafin da za a bi a nan shi ne wanda ya dace da duk wata manhaja da ake gudanar da sana'a da ita, ko ta akanta ce ko ta ɗab'i.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ma'anar sabuntawar ita kanta ta sauya. Tun daga 1982 da aka fara sayar da AutoCAD, har tsawon shekaru fiye da talatin, ciniki irin na kasuwa ake yi. Mutum ya biya sau ɗaya, a ba shi lasisi na dindindin, ya yi ta aiki da abinsa har ranar da ya ga dama. In sabon samfuri ya fito ya ga akwai abin da zai amfane shi, ya yi ciko ya karɓa. In bai gani ba ya zauna da tsohonsa, babu mai ce masa don me. A ƙarshen watan Janairu na 2016 Autodesk ya daina sayar da sabon lasisin dindindin na yawancin manhajojinsa, ya koma tsarin haya, inda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Daga 2020 kuma ya shiga ɗaura kowane lasisi a kan sunan mutum guda. Kafin wannan lokaci ofishi mai ma'aikata shida yana iya ɗaukar lasisi uku na haɗin gwiwa, a riƙa karɓa-karɓa, tun da ba kowa ke zaune gaban na'ura a lokaci ɗaya ba. Wannan hanya ce aka toshe ga sababbin masu saye.

Sauran ma sun bi sahu. Kamfanin Trimble, mai manhajar SketchUp, ya daina sayar da lasisin dindindin a watan Nuwamba na 2020. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari, mai ArchiCAD, wanda a da mutane da yawa ke gudu wurinsa saboda yana sayarwa kai tsaye, shi ma ya ba da sanarwa a 2024 cewa zai koma tsarin haya.

Saboda haka, ofishin da yake riƙe da tsohon lasisi, in ya ce zai sabunta a yau, ba sabon kaya zai saya ya ajiye ba. Zai bar gidan da ya mallaka ne ya shiga gidan haya. Gidan hayar ya fi kyau, kuma mai gida yana gyara shi kowace shekara ba tare da ƙarin caji ba, domin duk wanda ke biyan haya yana da ikon ɗaukar sabon samfuri da zarar ya fito. To, amma ranar da kuɗin haya ya yanke, manhajar ta kulle ke nan. Zane-zanen da aka yi suna nan, mallakar mai su ne, ana iya duba su da manhajar dubawa ta kyauta, sai dai ba a iya gyara su da ita wadda aka zana su. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A littafin akanta kuwa, abin ya tashi daga kadara da ake saye sau ɗaya, ya koma kashe-kashe na kullum kamar kuɗin hayar ofis da albashi, waɗanda dole a biya ko aiki ya shigo ko bai shigo ba. Wanda ya san sana'ar zanen gine-gine kuwa ya san aikinta ba ya zuwa a jere. Wata shekara a rasa inda za a sa kai, wata kuma a yi wata huɗu ba a ja layi ɗaya na kuɗi ba.

Ba ƙananan ofisoshi kaɗai ke kuka da wannan tsari ba. A watan Yuli na 2020 wasu manyan kamfanonin zane na Ingila, cikinsu har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Autodesk, Andrew Anagnost, suna ƙorafi cewa kuɗin da suke kashewa a kan manhajar Revit ya yi tashin gwauron zabo cikin shekaru biyar, alhali ci gaban da ake samu a cikinta bai taka kara ya karya ba. Waɗannan fa kamfanoni ne da ke karɓar lada da fam na Ingila.

Shi kuwa mai zane a Nijeriya da Naira yake karɓar ladansa, hayar manhaja kuma da dala aka yanke farashinta, ko da ta hannun dillali na cikin gida ya biya. A nan ne lissafin ya fi zafi. A 2024 hayar cikakken AutoCAD na mutum ɗaya a shekara ta kai kimanin dala 2,000 a farashin Amurka. Bari a ɗauki wannan adadi domin sauƙin lissafi. A watan Mayu na 2023, lokacin da dala take kimanin Naira 460 a farashin hukuma, dala 2,000 ta kama Naira 920,000. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira ga kasuwa, kuma zuwa watan Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,500. Wannan lasisi guda ya koma Naira miliyan 3. Ofishi mai mutum huɗu da ya tsara kasafinsa a kan Naira miliyan 3 da dubu 680, sai ya wayi gari ana neman miliyan 12 a wurinsa, ba tare da kamfanin ya ƙara ko da dala ɗaya ba, ba kuma tare da an ƙara masa wani abu a cikin manhajar ba. Ban da wannan akwai harajin kayan masarufi, watau VAT, wanda aka mai da shi kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Ladan zane kuwa ba ya gudu haka. Galibi akan yanke shi ne a matsayin wani kaso na kuɗin ginin, ana biya mataki-mataki, kuma sau da yawa a makare. Wanda ya sa hannu a kan yarjejeniya da mai gini a farkon 2023, ya karɓi cikon kuɗinsa a ƙarshen 2024, da Nairar da ta rage daraja aka biya shi, alhali hayar manhajar da ya yi aikin da ita da sabon farashi ya biya ta. Ko hanyar biyan ma ta taɓa zama matsala. A 2022 bankuna da yawa sun taƙaita abin da za a iya kashewa a ƙetare da katin Naira zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar da shi gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Duk wanda zai shiga haya, ya kamata ya tambayi kansa ba ko zai iya biya bana kaɗai ba, a'a, ko zai iya biya a shekarar da aiki ya yi ƙaranci kuma Naira ta sake faɗuwa.

To, in haka ne, me zai sa mutum ya motsa daga inda yake? Masu talla sukan jero sababbin abubuwan da aka ƙara a kowane samfuri, amma a gaskiya ba kasafai waɗannan ke yanke hukunci ba. Wanda aikinsa zana gidaje da shaguna ne, layi da da'ira da rubutu da awo yake buƙata, kuma waɗannan sun daɗe da kammala a cikin manhajar. Abin da ke tilasta wa ofishi sabuntawa daga waje yake zuwa, kuma mafi girmansa shi ne musayar fayil da abokan aiki.

Gini ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai zane yakan miƙa zanensa ga injiniyan da zai lissafa ƙarfin ginshiƙai da rodi, da injiniyan wuta, da na ruwa, da mai ƙididdigar kayan gini, su kuma su dawo masa da nasu. In ba ya iya buɗe abin da suka aiko, ko su ba sa iya buɗe nasa, aiki ya tsaya. A nan akwai wani bayani da masu ofisoshi da yawa ba su lura da shi ba, wanda kuma yake iya ceton miliyoyin Naira. Fayil ɗin AutoCAD, wanda ake kira DWG, ba kowace shekara tsarinsa ke sauyawa ba. An sauya shi a samfuran 2000 da 2004 da 2007 da 2010 da 2013, sa'an nan 2018. Daga AutoCAD 2018 har zuwa AutoCAD 2025 tsari ɗaya ne. Ke nan ofishin da ke da samfurin 2018 yana buɗe zanen da aka yi da na 2025 kai tsaye. Wanda nasa ya girmi haka ma yana da mafita, domin sabon samfuri yana iya ajiye zane a tsohon tsari in an roƙi mai aikowa, kuma Autodesk da kansa yana ba da wata manhaja kyauta mai suna DWG TrueView wadda ke juya fayil daga sabon tsari zuwa tsoho. A irin wannan hali, da sabon gini gara yaɓe.

Labarin Revit daban ne, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a natsu. AutoCAD a asalinsa allon zane ne da aka mayar cikin na'ura. In mai zane ya ja layi biyu a jere, shi ne ya san bango yake nufi, ita na'ura layi biyu kawai ta gani. In mai gini ya ce a matsar da taga, sai a gyara ta a zanen shimfiɗar ƙasa, a koma a gyara ta a zanen fuskar gini, a gyara a zanen da ke nuna cikin ginin a yanke, a kuma gyara jadawalin ƙofofi da tagogi, kowanne da hannu. Wurin da aka manta, nan rikici ke tashi a filin gini. Revit da ArchiCAD kuwa wata hanya suka bi, wadda ake kira BIM a taƙaice. Ana gina siffar ginin ne sukutum a cikin na'ura, bango ya san kaurinsa da tsayinsa da abin da aka yi shi da shi, taga ta san a jikin wane bango take. In aka matsar da ita sau ɗaya, duk zane-zanen da jadawalin sun gyaru da kansu. Wani ƙaramin kamfani na Amurka ne ya fara fito da Revit a 2000, Autodesk ya saye shi a 2002 a kan dala miliyan 133.

Amfanin wannan a fili yake, amma yana tafe da wani sharaɗi mai tsanani. Fayil ɗin Revit gaba kawai yake tafiya, ba ya komawa baya. In aka buɗe aikin da aka fara da samfurin 2023 a cikin na 2025 aka ajiye, shi ke nan, na 2023 ba zai sake buɗe shi ba, kuma babu wata hanya ta mayar da shi. Duk waɗanda ke aiki a kan siffar gini ɗaya dole su kasance a kan samfuri ɗaya. Ma'aikaci guda da ya yi gaggawar sabunta na'urarsa a tsakiyar aiki yana iya jawo wa ofishi duka, da injiniyoyin da ke waje, sabuntawar da babu wanda ya shirya mata. ArchiCAD ya ɗan fi sassauci, domin yana barin a ajiye aiki a samfurin da ya gabata da mataki ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ofisoshin da suka san aikin ba sa taɓa samfuri a tsakiyar kwangila. Sukan kammala aikin da abin da suka fara shi, sabon aiki kuma su fara shi da sabon samfuri.

Don haka tashi daga AutoCAD zuwa Revit ba sabuntawa ba ce ko kaɗan, ko da kamfani ɗaya ke sayar da su. Sauya hanyar aiki ce tun daga tushe, kuma ya kamata a auna ta da ma'aunin da ake auna buɗe sabon reshe. Ribarta ta fi fitowa a manyan gine-gine masu hawa da yawa, da asibitoci da masauƙan baƙi, inda bututun ruwa da wayoyin wuta da ginshiƙai ke cin karo da juna in ba a lura ba, da kuma rukunin gidaje inda ake maimaita gida iri ɗaya sau hamsin. A Ingila gwamnati ta wajabta amfani da wannan tsari a ayyukan gine-ginenta tun watan Afrilu na 2016, wanda ya sa ko ƙananan ofisoshi masu neman aikin gwamnati a can suka rungume shi. Ofishin da ke Nijeriya mai hulɗa da kamfanonin ƙetare ko manyan 'yan kwangila yana iya cin karo da irin wannan sharaɗi a takardar neman kwangila, kuma a lokacin babu sauran muhawara. Amma wanda yawancin aikinsa gida mai ɗaki huɗu ne da jerin shaguna da gidan mai, abin da hukumomin ba da izinin gini ke dubawa shi ne zane mai ɗauke da hatimi da sa hannun wanda ya yi rajista da majalisar ARCON, wadda doka ta kafa a 1969 domin rajistar masu zanen gine-gine. Jami'in da ke duba zanen ba ya tambayar da wace manhaja aka yi shi.

Kada mai karatu ya ɗauka zama da tsohon kaya ba shi da nasa haɗarin. Lasisin na dindindin ne, amma na'urar da yake kanta ba ta dindindin ba ce. Tsohon samfuri yakan nemi lambar kunnawa daga kamfani duk lokacin da aka ɗora shi a kan sabuwar na'ura, kuma daga ƙarshen watan Agusta na 2019 Autodesk ya daina ba da irin wannan lamba ga samfuran 2010 da waɗanda suka girme su. Daga baya ya ƙara matse abin zuwa samfuran da suka biyo bayansu. Ke nan mutum yana iya riƙe da lasisi na halal da rasiti, amma ranar da na'urar ta ƙone, ko aka sace ta, ya rasa yadda zai tayar da manhajar a kan wata. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa da ƙarfi ta lalata kaya, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai kuma batun Windows. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ga masu shiga wani shiri na ƙarin kariya na ɗan lokaci, wanda ga kamfanoni kuɗinsa ke ninkawa kowace shekara. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Na'urar da ba a toshe mata kafofin tsaro, in tana haɗe da intanet, ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Abin ya zama sarƙa: sabon Windows yana neman sabuwar na'ura, tsohuwar manhaja ba lalle ta zauna lafiya a kan sabon Windows ba, sabuwar manhaja kuma ba ta aiki a kan tsohuwar na'ura yadda ya kamata. Tun daga AutoCAD 2020 aka daina yin samfurin da ke hawa kan tsofaffin na'urori masu tsarin 32-bit.

Wannan ne ya sa kuɗin lasisi bai zama dukkan kuɗin sabuntawa ba, wani lokaci ma bai kai rabi ba. Revit yana buƙatar na'ura mai babbar ƙwaƙwalwa da ƙarfin sarrafa hoto, kuma a kan Windows kaɗai yake aiki. Na'ura mai ƙarfi tana shan wuta, wuta kuwa ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A zuwa fiye da Naira 200 a kan kowane ma'auni a watan Afrilu na 2024. Lasisin haya yana kuma buƙatar a haɗa na'ura da intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30 domin tabbatar da biya, abin lura ga wanda aiki ke kai shi ƙauye ya daɗe.

Kuɗin da ya fi ɓoyuwa shi ne na lokaci. Kowane ofishi da ya daɗe yana da taska ta abubuwan da ya tara: ƙofofi da tagogi da bandakuna da matakala da aka riga aka zana ana ɗaukowa a liƙa, da tsarin kaurin layi, da kan takarda mai sunan ofis. Wannan taska ita ce ke sa a gama zanen gida cikin mako guda. In aka koma BIM, yawancinta sai an sake ginawa, kuma abubuwan da ke zuwa a cikin manhajar an tsara su ne bisa kayan ginin Turai da Amurka, ba bulo mai inci tara da inci shida da ake gini da shi a nan ba. Aikin farko da sabuwar hanya kusan kullum yakan ɗauki lokaci fiye da yadda tsohuwar za ta ɗauka. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: ma'aikacin da aka kashe kuɗi aka horar ya zama mai tsada a kasuwa, kuma babban kamfani na iya ɗauke shi. A ɗaya ɓangaren kuma, matasan da ke fitowa daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da yawa sun riga sun koyi sababbin manhajojin, tun da Autodesk yana ba ɗalibai lasisi kyauta, kuma ba sa son zama a ofishin da ya tsaya a baya. Wannan lasisi na ɗalibai dai, a lura, haramun ne a yi aikin kuɗi da shi.

Tsakanin zama da tsoho da shiga cikakkiyar haya akwai hanyoyi da dama, kuma a ganinmu nan ne yawancin ƙananan ofisoshi za su sami abin da ya dace da su. Akwai AutoCAD LT, wanda aka fara fitarwa a 1993, mai yin zane na shimfiɗe kawai ba tare da siffa mai tudu ba, kuma hayarsa a 2024 ta kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban. Ma'aikata da yawa da aka ɗaukar wa cikakken lasisi, abin da ke cikin LT kaɗai suke taɓawa. Akwai kuma manhajojin wasu kamfanoni da ke buɗe DWG su ajiye shi, masu kama da AutoCAD a wajen umarni da fasali har mai zane ya saba da su cikin 'yan kwanaki, irin su BricsCAD na ƙasar Beljiyam da ZWCAD da GstarCAD na ƙasar Sin, waɗanda aka san su da sayar da lasisin dindindin. A 2021 Autodesk ya fito da wani tsari mai suna Flex, inda ake sayen tikiti a riƙa cirewa a ranar da aka buɗe manhaja kaɗai, wanda ya dace da maigidan ofis da ke leƙa zane jefi-jefi. Haya ta wata-wata ta fi ta shekara tsada in aka tara, amma ga kwangilar wata huɗu da ta wajabta Revit, ita ce mai arha, kuma ana iya sa kuɗinta a cikin ladan aikin. Babu dole kuma sai kowa a ofis ya riƙe abu iri ɗaya. Mutum ɗaya da cikakken lasisi, uku da ƙarami, yana iya wadatarwa.

Akwai wata hanya da kowa ya sani ana bi, ita ce ta manhajar jabu, kuma ɓoye maganarta ba zai amfani kowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa manhajar na'ura cikin ayyukan da take karewa, don haka mai yin aikin kuɗi da ta sata yana cikin laifi. Ban da shari'a, akwai haɗarin da ya fi kusa. Wanda ya fasa manhaja ya raba ta kyauta yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki, kuma ta jabu ba ta samun gyaran tsaro. Zanen gini kuwa abin sata ne mai daraja. A 2012 kamfanin tsaro na ESET ya gano wata cuta ta na'ura da ke yaɗuwa ta fayilolin AutoCAD, akasari a ƙasar Peru, tana kwashe dubban zane-zane tana aikawa zuwa wasu adireshi a ƙasar Sin. Ofishin da ke riƙe da taswirar banki ko gidan wani attajiri, amana ce a hannunsa. Araha ba ta ado.

Hanyar yanke shawara mafi inganci ita ce mai ofishi ya ɗauko jerin ayyukan da ya yi cikin shekaru biyu da suka wuce ya zauna da su. Sau nawa aka aiko masa da fayil ya kasa buɗewa? Wace kwangila ce ta kuɓuce masa saboda an nemi BIM ba shi da shi, kuma nawa ne ladanta? Kwana nawa aka ɓata wajen gyaran zane bayan mai gini ya sauya ra'ayi? In amsoshin nan sun tara kuɗin da ya fi na haya da na'urori da horo a cikin shekaru uku, a lissafa da farashin dala mafi muni da ake tsammani, to lokaci ya yi. In kuwa ba a iya nuna ko aiki ɗaya da aka rasa ba, sha'awa ce kawai, ana iya jira. Ya kamata kuma a tuntuɓi injiniyoyin da aka saba aiki tare kafin a biya ko kwabo, domin siffar gini ta BIM da injiniya zai buƙaci a mayar masa da ita layi-layi ta zubar da rabin amfaninta.

In an yanke shawarar sabuntawa, a fara da na'ura ɗaya da ƙaramin aiki ɗaya wanda ba a matse da lokacinsa ba, a bar tsohon samfuri a kan sauran har sai an tabbatar injin buga zane yana fitar da layi da awo daidai. Kafin a buɗe kowane tsohon aiki da sabon samfuri, a ajiye kwafinsa na asali a wani wuri daban, tare da kwafi a tsarin PDF da DWG, in kuma siffar BIM ce a ƙara da tsarin IFC, wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne kuma manhajoji daban-daban ke karantawa. Shi kuma ɗan kasuwar da ya ba da aikin zane, yana da kyau ya sa a rubuta a cikin yarjejeniya irin fayilolin da za a miƙa masa bayan kammalawa da samfurin da aka yi su da shi, domin ranar da zai ƙara hawa ɗaya a kan ginin bayan shekaru goma, mai yiwuwa wani ofishi ne zai yi masa aikin.